Sunan da Inna Ba Ta Faɗa

A Birnin Kudu, in kana neman wanda ya fi kowa sanin sunayen mutane, kada ka wahalar da kanka zuwa wajen liman ko hedimasta. Ka tambayi shagon Safiyanu mai keken katako, yana nan bayan tasha, tsakanin mai faci da mai sayar da katifa. Keken nasa ba keke ba ne, wani ɗan inji ne da ya sayo na hannu a Kano bayan ya gama koyon sana'ar a can. Zartonsa siriri ne kamar tsinken tsintsiya, yana hawa yana sauka irin na allurar tela, shi ya sa mutanen gari suka ce keken katako, sunan kuma ya bi injin har da mai shi.

Aikin Safiyanu shi ne fitar da suna daga cikin katako. Abokansa na tsokanarsa wai shi kaɗai ne mai yanka suna ba rago. Za a turo masa sunan ta waya, ya kai shagon kwamfuta a buga masa da rubutu mai haɗe-haɗe, ya manna takardar a jikin falanki, ya huda cikin duk harafin da ke da ciki, ya zura zarton ta hudar, sannan ya duƙa yana juya katakon da yatsu a hankali har sunan ya fito ɗungurungum, harafi riƙe da harafi. Ya goge da samfefa, ya shafa mai, ya jingina a bango ya bushe. Amare na saye su kafa a saman gado, masu jego su rataye a ƙofar ɗaki. Akwai kuma samari masu son ɗan ƙarami na maƙala makulli da sunan budurwa, waɗanda bayan wata biyu za ka ga sun dawo suna sosa ƙeya da wani sunan daban. Safiyanu ba ya tambaya, yankawa kawai yake yi.

Ya san halin sunaye yadda makiyayi ya san halin shanunsa. Ummussalma doguwa ce, in ba a yi mata kauri ba a tsakiya take karyewa. Ya sani sarai, don sunan matarsa ne, kuma sau uku ya yi shi kafin ya tsaya. Ɗanbala lanƙwasar kansa ce matsala, kana gamawa ta ɓalle ya koma Danbala, mai shi ya zo yana faɗa. Ɗigon da ke kan "i" kuwa shi ne ɗan rainin wayo. Ba ya taɓa kowa, don haka in ba ka nemo masa maƙwabcin da zai jingina da shi ba, ƙasa zai faɗi ya bi garin katako.

Shekara tara yana wannan aiki, bai taɓa yanka sunan kansa ba. Ko allon shagonsa "Keken Katako" kawai aka rubuta. In an tambaye shi dalili sai ya yi dariya ya ce wanzami ba ya son jarfa. Ba gaskiya ba ce, kuma matarsa kaɗai ta san haka.

Gaskiyar tana Farin Dutse, can ƙasar Gwaram, a ɗakin mahaifiyarsa Inna Hapsatu. Su Filanin gida ne, irin waɗanda shanun suka ƙare tun zamanin kakanni, Fillancin ma ya bi shanun, aka bar su da gona da Hausa da kunya. Safiyanu shi ne ɗan fari, kuma kowa ya san uwa ba ta faɗar sunan ɗan fari, ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta zama hira da shi. Mata da yawa na yin wannan alkunya, amma in shekaru suka tura sai su sassauta, wata ma ta laƙaba wa ɗan wani suna ta huta. Inna Hapsatu ba ta san sassauci ba. In da shi take, "kai" ne. In zancensa take, "wancan" ne, da ya girma ya koma "na Birnin Kudu". Abin bai tsaya nan ba. Tun ranar da aka raɗa masa suna ta daina cewa "safiya" da "safe", don sun yi kama da shi. Duk Farin Dutse ita kaɗai ce ba ta cewa sai da safe, sai dai ta ce, "Sai gari ya waye." Matan unguwa har gwada ta suke yi, su yi ta jan ta da zance ko za ta yi tuntuɓen harshe, shekara talatin da tara ba su ci nasara ba.

Yana ɗan shekara bakwai ta taɓa zuwa da shi kasuwar Gwaram. Ya saki gefen zanenta da gangan, ya shige ƙarƙashin teburin wani mai goro ya laɓe, don yana so ya ga abin da za ta yi. Yana kallonta ta tsakanin ƙafafun mutane. Ta waiga ba ta gan shi ba, ta dire ƙwaryarta a tsakiyar hanya, ta yi gabas ta yi yamma, mayafinta ya zame ba ta sani ba. "Kai! Kai!" take ta kira, duk wani yaro da ke kasuwar ya waiwayo, ban da shi. Mutane suka taru suna cewa, "Baiwar Allah, yaya sunansa mu taya ki kira?" Ta buɗe baki, ta rufe, hawaye na zuba, ta ce, "Yaro ne, mai shuɗiyar riga." Mai goron ne ya zaƙulo shi. Ba ta doke shi ba, ba ta kuma rungume shi ba, ta ɗauki ƙwaryarta ta ce, "Wuce mu tafi."

Da ya yi hankali ya gane ba ƙiyayya ba ce. Ai ita ce mai aiko masa da man shanu da gyaɗa ta hannun ƙanwarsa Khairiyya, ta ce "a kai wa yaran", tun kafin ya yi aure balle a yi zancen yara. Ya gane, ya kuma girmama abin. Amma zuciya ba ta da ƙashi. Ga shi da furfura a gemu da 'ya'ya uku, yana ɗauke da burin ɗan shekara bakwai: sau ɗaya, ko da a ɓoye ne, ya ji sunansa a bakin uwarsa. Ranar da ya faɗa wa Ummussalma ta yi dariya, da ta dubi fuskarsa sai ta daina.

Bayan rasuwar mahaifinsu Malam Sabo da shekara guda, Inna Hapsatu ta fara ruɗewa. Da fari abin dariya ne, ta zuba gishiri a koko, ta nemi tsintsiyar da ke hannunta. Daga baya dariya ta ƙare. Ta fara ajiye wa marigayi tuwo, ta daina gane jikokinta, ta tada sallar azahar sau uku. A asibiti aka ce ciwon mantuwa ne na tsufa, ba shi da magani sai kulawa. Khairiyya, da yake aurenta a cikin garin yake, ta dawo gidan da zama don jinya. Safiyanu kuwa ya mai da ranar kasuwar Gwaram ranar zuwa gida. Ya ɗaure kaya a bayan babur, ya baje su kusa da 'yan yadi, ya ba masu oda nasu, in an yi la'asar ya naɗe ragowar ya wuce Farin Dutse. Ya durƙusa a bakin ƙofa ya gaishe ta, ta amsa tana kallon bango kamar yadda ta saba, ya tashi.

Wata ranar kasuwa a farkon damina hadari ya haɗu kafin ya isa, sai ya kwance jakar kayan ya shiga da ita har ɗakin don kada ruwa ya taɓa katakon. Ya durƙusa ya yi gaisuwa. Inna Hapsatu ta juyo ta dube shi tsaf, cikin ido. Bai taɓa sanin idanun uwarsa na da haske haka ba.

"Maraba da baƙo," ta ce. "Ke yarinya, kawo wa Malam tabarma. Daga ina?"

Khairiyya na tsaye a bayanta, ta yi masa alama da kai ya bi ta a haka.

"Daga kasuwa, Inna."

"Me kake sayarwa?"

Ya buɗe jakar ya miƙa mata guda. Ba ta yi boko ba, don haka da yatsa ta bi shi, lanƙwasa bayan lanƙwasa.

"Wannan me yake cewa?"

"Juwairiyya. Sunan wata amarya ne."

"Ikon Allah! Wato kai kafinta ne, amma na suna." Ta yi dariya. Wannan dariyar ya san ta, amma daga bayan katanga, don ba a taɓa yin ta a gabansa ba. Ta ci gaba da shafa katakon, can sai ta rage murya kamar mai cinikin sirri. "Malam kafinta, ni ma ina da ɗa. A Birnin Kudu yake. Za ka yi mini nasa?"

Ruwa ya tsuge a kan kwano. Safiyanu ya duƙa yana juya kayan cikin jakar, ita kuwa ta ɗauka ciniki yake ja, sai ta shiga tallan ɗanta.

"Yaro ne mai haƙuri. Tunda nake da shi bai taɓa ɗaga mini murya ba. In ya zo nan, a bakin ƙofar can yake tsugunawa, ni kuma in yi ta kallon bango kamar wata sakarya. Sai ya juya zai tafi nake kallon ƙeyarsa. Bana ya rame. Ban sani ba ko matar ce ba ta ba shi abinci."

Khairiyya ta toshe baki da gefen zane, ba ka cewa dariya take ko kuka. Abin da Safiyanu ya ji a wannan zama ya isa mai godiyar Allah ya tashi ya tafi da shi gida, ya yi ta juya shi har tsufa. Amma ɗan Adam tara yake bai cika goma ba. Nan take wata dabara ta faɗo masa, kuma bai kore ta ba.

"Zan yi miki, Inna. Yaya sunansa?"

Ta ja mayafi ta rufe baki, ta kau da kai. "Haba Malam. Na fari ne fa."

"To ai ba na iya yankawa sai na ji sunan."

"Tambayi yarinyar nan."

Khairiyya ta buɗe baki, ya harare ta ta rufe. "Ƙa'idar aikin ce, Inna," ya ce. "Mai abu shi ke faɗa da bakinsa, in ba haka ba katakon tsagewa yake yi."

Ƙarya ce tsagwaronta, daga bakin mutumin da rabin aikinsa a rubuce ake turo masa ta waya. Inna Hapsatu ta yarda. Ta yi ɗan tunani ta ce, "To, ka san lokacin da ake sakin kaji daga akurki? Ɗora a kai."

"Hantsi?"

"Kai dai Malam ba ka da kai," ta ce tana dariya a cikin mayafi. "Je ka yi tunani."

Da ruwa ya ɗauke Khairiyya ta rako shi zaure. "Yaya, wannan fa ba kyau."

"Ke da ake kiran sunanki sau hamsin a wuni, me kika sani?"

"Yanzu ai ba a kira," ta ce, ta koma ciki.

Abin mamaki, matar da ba ta tuna ko ta ci abincin rana ta riƙe wannan ciniki gam. Mako na zagayowa, yana yin sallama ta ce, "Malam kafinta, ina aikina?" Ya ce suna yake jira. Ta ce sunan mutanen da ne, na cikin littattafan malamai. Ya ce ai suna da yawa. Ta ce akwai wani mai sunan a Zandam, mai gyaran rediyo, ya je ya tambaya. Ya ce bai san Zandam ba, shi da a Zandam aka yaye shi a hannun kakarsa. Ta yi tsaki ta ce ba ta taɓa ganin kafinta mai taurin kai irinsa ba, ta sa aka dama masa fura. Suka yi hira fiye da awa guda. Ta ba shi labarin yadda ɗan nata ya yi ƙyanda yana wata goma, aka hana ta shiga ɗakin don kada a ce ta damu, ta wuni a bayan taga tana daka abin da ba ya buƙatar daka. Safiyanu ya sha furar da kyar, ya hau babur da daɗi da kunya a cakuɗe.

Ummussalma ta saurare shi har ya gama, ta ce, "Ka samu kallo, ka samu dariya, ka samu hira. Ka bar mata ɗayan mana." Ya ce to. Irin to ɗin nan da mata suka san ba ta da nauyi.

Ranar kasuwa ta uku ya zo da farin falanki da fensir, ya zauna a gabanta kamar mai shirin aiki. Khairiyya na madafi.

"Inna, yau sai an gama. Tunda ba za ki faɗa ba, zan yanka wanda na ga dama. Hambali zan sa."

"A'a! Ba shi ba ne."

"To Munzali." Ya ɗora fensir a kan falankin.

Ta cafke hannunsa. Bai zaci akwai sauran ƙarfi haka a yatsunta ba. "Malam, kada ka ɓata! Ba sunansa ba ne!"

"Saifullahi?"

Ta zabura. "Ka kusa... a'a, ba shi ba ne."

"To faɗi, Inna. Ba kowa, daga ni sai ke. Sau ɗaya kawai."

Leɓɓanta suka motsa. Ya ji iskar harafin farko ta fito, siririya, ya ɗauke numfashi. Sai ta ɗaga hannu ta doke bakinta da ƙarfi, har leɓen ya fashe. Ta ɓarke da kuka irin na yara, kafaɗunta na rawa.

"Me na yi maka, bawan Allah? Na tsufa da mutuncina, kana so ka sa ni rashin kunya? Ɗana ne fa. Ɗana ne na fari."

Khairiyya ta shigo a guje, hannu duk gari, ta rungume tsohuwar, ta nuna masa ƙofa ba tare da ta dube shi ba. Ya daɗe tsaye a zaure kafin ta fito, idanunta jajur.

"Ta manta sunana," ta ce. "Ta manta Baba ya rasu. Jiya sai da na nuna mata alƙibla. Abu ɗaya ya rage da take riƙe da shi hannu bibbiyu, shi ne kai kuma ka zo da fensir za ka ɓamɓare. Yaya, ka ji tsoron Allah."

Ƙanwarsa ce, a bayansa ya goya ta, amma yau ita ke da gaskiya. Ya bar falankin a zaure ya tafi.

Washegari ya je aka buga masa sunansa, ya rufe ƙofar shago rabi, ya ɗauko wani guntun katakon maɗaci ja mai nauyi da ya daɗe yana ɓoyo don aiki na musamman. Haruffa takwas ne. Ya huda cikin "a" guda biyu, ɗigon "i" kuma ya ɗaga shi kaɗan ya jingina shi da kan "f". Maɗaci ba falanki ba ne, tauri gare shi. Zarto biyu suka tsinke, wuta ta ɗauke yana tsakiyar "y", sai da ya jira har azahar ta kashegari. Bai taɓa zama yana kallon sunansa tsawon haka ba, har ya koma masa kamar na wani. Da ya zo guga ya ɓata lokaci fiye da yadda ya taɓa yi wa kowace amarya, don ya san ba da ido za a karanta wannan ba. Duk inda yatsa zai bi sai da ya mai da shi sumul.

Cikin kwana uku ya gama, amma bai kai ba. Kunya ta hana shi. Ranar kasuwa ta zo, ya ce aikin biki ya yi masa yawa. Ta biyu ya je Gwaram, ya yi cinikinsa, ya kama hanyar Farin Dutse har ya hango itatuwan garin, sai ya tuna fasasshen leɓen nan, ya juya kan babur ya ce hadari ne. Ta uku kuwa rafi ya cika da gaske, ba a ƙetarewa. A waya yakan tambayi Khairiyya, "Tana tambayar kafinta?" Makon farko ta ce kullum. Na biyu ta ce jefi-jefi. Daga nan ya daina tambaya, ita ma ta daina faɗa, har ranar da ta kira shi da kanta.

"Yaya, ka zo."

"Jikin ne?"

"Ba jiki ba ne, tana ci tana sha. Ka dai zo."

Ya tafi da hantsi, ba ranar kasuwa ba, katakon naɗe a cikin sabon ƙyalle. Gero ya fitar da kai a gonaki hagu da dama. A hanya ya tsara abin da zai ce, ya maimaita shi ya fi sau goma, ya kuma yi niyya tsakaninsa da Allah ba zai ƙara neman komai a bakinta ba. Burin nan ya haƙura da shi.

Ya same ta a tsakar gida kan tabarma, a inuwar dalbejiya. An yi mata wanka an shafa mata mai, tana tsintar waken da Khairiyya ke ba ta don hannunta ya samu abin yi. Ta yi masa murmushi, irin wanda ake yi wa duk wanda ya yi sallama.

Ya durƙusa ya kwance ƙyallen. "Inna, ga aikinki. Na gane sunan da kaina, ba sai kin faɗa ba. Ki yafe mini."

"Aikina? Ni na sa aiki?"

"Na ɗanki, na Birnin Kudu."

Ta karɓa, ba ta ce komai a kan ɗan ba. Yatsunta suka bi haruffan ɗaya bayan ɗaya. "Santsi," ta ce. "Me yake cewa?"

Ya kau da kai. Ta juya wajen Khairiyya. "Ke, me yake cewa?"

Khairiyya ta dubi yayanta, ta sunkuyar da kai, ta faɗa a hankali. "Safiyanu, Inna."

Ya zuba wa mayafinta ido, yana jiran hannunta ya kai gare shi. Hannun bai motsa daga kan katakon ba.

"Safiyanu," in ji Inna Hapsatu.

Haka nan, a fili, ba gargada, kamar mai cewa gero ko ruwa. Muryarta ta ɗan ja tsakiyar sunan, wani irin ja da bai taɓa ji a bakin kowa ba. Kafin ya san abin da yake yi bakinsa ya riga shi.

"Na'am, Inna."

Ta dube shi da fara'a. "Au, sunanka ke nan? Safiyanu. Kai, suna mai daɗi. Safiyanu."

Khairiyya ta tashi da sauri ta shige ɗaki, yana jin kukanta ta cikin labule. Sai a lokacin ya gane abin da Khairiyya ta kira shi a waya ya zo ya gani. Duk shekarun da Inna ta yi tana kewaye sunan nan, ta san inda yake, ta san wanda ke cikinsa, ba a kauce wa abin da ba a san wurinsa ba. Yau ta taka shi ta wuce don babu kowa a wurin. Ya shiga roƙon Allah a zuci ta ja mayafin nan, ta juya ta kalli bango, ta ce masa "kai", ko da ba za ta ƙara ce masa komai ba har abada.

"Ɗan gidan wa ne kai?" ta tambaye shi.

"Gidan Malam Sabo."

Ta ɗan yi tunani, ta girgiza kai. "Ban san su ba. Mahaifiyarka na da rai?"

"Tana nan."

"Madalla." Ta miƙo masa katakon da hannu biyu. "To ai ita ya kamata ka kai wa wannan, ɗan nan. Kai mata, za ta ji daɗi. Ka ce ina gaishe ta."

Ya sa hannu biyu ya karɓa.

"Za ta ji," ya ce.

Inna Hapsatu ta jawo faifanta ta ci gaba da tsintar wake.